Ƙaton Zaure, Baƙi Kaɗan: Daga Wusasa Zuwa Filin Jirgin Saman Kano

Daga Wakilinmu, Zariya

Duk wanda ya zauna a Wusasa ya san ƙugin ƙananan jiragen sama kamar yadda ya san carar zakara. In dai gari ya waye garau, ba hazo ba hadari, da hantsi za ka ji su sun taso daga filin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, su kewayo ta sararin dutsen Kufena, su koma su sauka, jim kaɗan su sake tashi. Yaran unguwa sun saba har ba sa ɗaga kai. Filin nan na Zariya ƙarami ne, ba shi da wani gini na a zo a gani, amma tun da aka kafa makarantar a shekarar 1964 yake da aikin yi, domin ɗalibi ba ya zama matuƙi sai ya yi ta tashi yana sauka.

Da wannan ƙugi a kunnena na bar gida wata safiya, tafiya ta kama ni zuwa ƙasar Masar, jirgina kuwa daga Kano zai tashi. Na shiga mota a Kwangila, muka bi ta Tashar Yari, muka wuce Kwanar Ɗangora da Ciromawa. A wajen Kadawa muka tarar da kwandunan tumatir jere a bakin titi, rana tana dukansu, masu shi suna jiran motar da za ta kwashe zuwa Kudu. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin, sai daga baya ya dawo mini a rai. Muka ratsa Kura, muka shiga birni ta Na'ibawa, inda cunkoson motoci da Keke Napep ya ci mana kusan rabin awa. Mutum ya ga wannan taro sai ya ɗauka filin jirgin saman irin wannan birni ba masaka tsinke.

CIKIN SABON GINI

Da na isa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, sai aka nuna mini sabon ginin da ake sallamar masu fita ƙasashen waje. Gaskiya gini ya ginu. Bango na gilashi ne, daɓe yana walƙiya har mutum yana ganin inuwarsa, rufi can sama kamar na babban masallaci. Ga teburan awon kaya a jere, ga matakala mai tafiya da kanta, ga na'urar da ke leƙa cikin akwati ba tare da an buɗe shi ba. Akwai kuma doguwar gadar nan mai rufi da ake jonawa a ƙofar jirgi, fasinja ya shiga ba rana ba ruwa. Wanda ya san tsohon ginin, inda ake ratsa kwalta a ƙasa a hau tsani, dole ya yaba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne na ji ƙarar takalmina. Na zo da wuri, kamar yadda aka umarce mu, sai na tarar da zauren shiru. Teburan awo kaɗan ne ke da ma'aikaci a bayansu, sauran an rufe. Kujeru layi-layi ba kowa a kai. Wani dattijo mai shara yana ta goge wurin da babu wanda ya taka tun gugar da ya yi ɗazu. Na gaishe shi, na ce, “Baba, sannu da aiki. Yau ba mutane ne?” Ya yi murmushi ya ce, “Yauwa ɗana. Dakata tukuna, in lokacin jirginku ya yi za ka ga mutane. In kun tashi kuma sai mu koma mu da kujeru.”

Haka kuwa aka yi. Da lokaci ya matso sai wuri ya cika ɗan zuwa wani lokaci: 'yan kasuwa da manyan jakunkuna, masu zuwa Umra cikin fararen kaya, ɗalibai masu komawa makaranta, da marasa lafiya a keken guragu waɗanda za a kai asibitocin Alƙahira. Ma'aikatan shige da fice da na kwastan suka sallame mu cikin ladabi, ba dogon layi, ba turereniya. Ga matafiyi wannan daɗi ne. Amma da na zauna a ɗakin jira na leƙa ta gilashi, na ga filin ajiye jirage shimfiɗe, jirginmu ne kaɗai babba a wannan ɓangare, sai na fara tambayar kaina: wa ke biyan kuɗin wannan daɗi da nake ji?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa filin Kano ya mutu. Bai mutu ba. Jiragen cikin gida suna zirga-zirga tsakaninsa da Abuja da Ikko, watau Legas, yana kuma cikin manyan filayen ƙasar nan. Lokacin aikin Hajji kuwa wurin yakan cika maƙil dare da rana. Kamfanin Qatar Airways ma ya fara sauka Kano a watan Maris na 2022. Maganar ita ce an ɗinka riga ta wuce jikin mai ita, kuma da kuɗin aro aka sayi yadin.

ZAMANIN DA KANO KE TSAKIYAR HANYA

Kafin a gane yadda aka zo nan, sai an waiwayi baya. Kano tana cikin garuruwan farko da jirgin sama ya sauka a Nijeriya. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a filin da ake wasan dawaki. A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, daga baya ya miƙa zuwa Ikko. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Kano ta zama zango a hanyar da ake kai jiragen yaƙi: a sauke su daga jirgin ruwa a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Masar.

Bayan yaƙi harka ta ƙara bunƙasa. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba sa iya tafiya daga Turai zuwa kudancin Afirka a tashi ɗaya. Duk wanda ya ƙetare Hamadar Sahara tilas ya nemi inda zai sha mai, Kano kuwa ita ce babban gari na farko bayan rairayi. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya fara zuwa a 1947. Jiragen Sabena na Beljiyam masu zuwa Kwango, da na BOAC na Ingila, duk nan suke yada zango. A hotunan wancan lokaci ana ganin mabushi a kan raƙumi yana busa kakaki don sanar da isowar jirgi. Baturen da bai taɓa jin sunan wani gari a Nijeriya ba ya san Kano, domin a nan ya miƙe ƙafa ya sha shayi.

Watau abin da ayarin raƙuma ya yi wa Kano shekaru ɗaruruwa, shi jirgin sama ya maimaita. Fatake daga Gadamas da Agadas suna sauka Kano ne domin hanya ta nan ta biyo, kuma akwai abin saye da sayarwa. Ba kyan masauki ya kawo su ba. Ginin filin jirgin na lokacin bai kai rabin na yanzu ba, amma buƙata ta sa ba ya rabo da baƙi.

YADDA BAƘI SUKA JANYE

Abu na farko da ya rage wa Kano baƙi ba laifin kowa ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka shigo da manyan jirage marasa farfela, irin su Boeing 707, sannan a 1970 aka fara jigila da Boeing 747. Da jirage suka iya cin dogon zango ba tare da shan mai a hanya ba, sai suka riƙa wucewa ta saman Kano suna barin farin layi a sararin sama. Wanda a da yake sauka dole, yanzu sai in yana da fasinjan da zai ajiye ko zai ɗauka.

Duk da haka Kano ta riƙe matsayinta na ɗan lokaci, domin tana da nata mutanen. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa suna aiki, masaƙu da majemu suna kawo injiniyoyi da dillalai daga ƙetare, kamfanin Nigeria Airways yana tsayawa Kano a hanyarsa ta zuwa London da Jidda, kamfanin British Caledonian ma haka. A 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air, hedkwatarsa a Kano.

Sai al'amura suka fara sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, masana'antu suka shiga rufewa saboda tsadar kayan aiki da rashin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga waje. Ran 12 ga Disamba 1991 Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa Abuja, ofisoshin jakadanci suka bi ta, kamfanonin jiragen waje kuma suka ga cewa in za su sauka a wani wuri bayan Ikko, to Abuja ce. A 2003 Nigeria Airways ya durƙushe. A 2012, shekarar da Kano ta sha fama da hare-hare, KLM ya yi sallama da birnin bayan shekara 65 yana zuwa. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe filayen jiragen sama, an buɗe Ikko da Abuja ga jiragen waje a watan Satumba na shekarar, amma Kano sai a watan Afrilu na 2021.

Akwai kuma wani abu da ke cin filin ta ƙarƙashin ƙasa. Malamin jami'a a Samaru da zai je taro Ingila, ko likita a Shika da zai je kwas Jamus, ba ya samun jirgin da zai kai shi kai tsaye daga Kano, don haka sai ya nufi Abuja. A littafin lissafi sai a rubuta shi cikin fasinjojin Abuja. Kamfanin jirgi in ya duba littafin sai ya ce Kano ba mutane, ya ƙi zuwa. Rashin jirgi ya kori fasinja, rashin fasinja ya hana jirgi.

GININ ARO

A shekarar 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Gwamnatin Tarayya ta karɓi rancen Dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, ita kuma ta yi alkawarin ƙara Dala miliyan 100, don gina sababbin wuraren sallamar fasinjojin ƙetare a Ikko da Abuja da Fatakwal da Kano. Kamfanin CCECC na Sin ne ya yi aikin. An buɗe na Fatakwal a watan Oktoba na 2018, na Abuja a watan Disamba na shekarar, na Ikko a watan Maris na 2022. Na Kano shi ne wanda na zauna a cikinsa ina jin ƙarar takalmina.

Yana da kyau ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su san yadda filin jirgin sama ke samun kuɗi da yadda yake kashewa. Kuɗin shigarsa yana zuwa ne daga harajin sauka da jirgi ke biya gwargwadon nauyinsa, da kuɗin ajiye jirgi, da wani kaso da ake ɗorawa a kan tikitin kowane fasinja, da hayar kantuna, da kuɗin shigar motoci, da na kaya. Duk waɗannan suna hawa ne in jirage sun yi yawa, su sauka in sun ragu. Kuɗin kashewa kuwa ba ruwansa da yawan jirage. Ko jirgi ɗaya ne zai sauka a yini, tilas motocin kashe gobara su tsaya a shirye da ma'aikatansu, tilas a sami mai ba da umarni a hasumiya, fitilun titin jirgi su kama, janareta ya sha man dizal, na'urar sanyaya ɗaki ta sanyaya zaure duka, a gyara shinge, a biya masu gadi. A bisa wannan kuma ga bashi, wanda da Dala aka karɓa, da Dala za a biya, alhali kuwa Naira ta faɗi ƙwarai tun daga 2013.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba abin kunya ba ne ƙasa ta ci bashi ta yi gini. Abin dubawa shi ne ko ginin zai haifi abin da za a biya bashin da shi. A shekarar 2024 shugabar Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, Olubunmi Kuku, ta bayyana cewa daga cikin filaye 22 da hukumar ke gudanarwa, uku ne kaɗai ke samun riba, sauran da abin da waɗannan suka samo ake ciyar da su. Dukkan fasinjojin da suka bi ta filayen Nijeriya a 2022 kimanin miliyan 16 ne, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200, kuma mafi yawansu ta Ikko da Abuja suka bi.

KOWACE JIHA DA NATA

In Kano mai tarihi da kasuwa tana wannan hali, ina ga na baya? Mu mutanen Zariya filin Kaduna ya fi kusa da mu, kuma mun ga abin da ya faru da shi. Ran 8 ga Maris 2017 aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titin jirgi, aka karkato da jirage Kaduna. Aka yi gaggawar ƙarasa gini, aka sa na'urori, aka tanadi motocin safa da rakiyar 'yan sanda. Kaduna ta ga taron da ba ta taɓa gani ba, ko da yake daga manyan kamfanonin waje Ethiopian Airlines ne ya yarda ya sauka, sauran suka dakatar da zuwa. Da aka buɗe Abuja a watan Afrilu sai taro ya watse kamar an tashi daga kasuwar ƙauye. Ran 26 ga Maris 2022 kuma 'yan bindiga suka kai hari gefen filin suka kashe mai gadi, bayan kwana biyu aka tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, kamfanoni suka janye jiragensu na wani lokaci. Darasin a fili yake: fasinjan aro ba ya zama, kuma inda ba tsaro ba jirgi.

Duk da haka gwamnatocin jihohi ba su fasa ba. An buɗe filin Dutse a 2014, alhali daga Dutse zuwa Kano bai wuce tafiyar awa biyu a mota ba. Bauci da Birnin Kebbi da Gwambe suna da nasu, an buɗe na Lafiya a 2022, na Damaturu a 2023. Hujjar da aka fi kawowa ita ce jigilar alhazai da jawo masu zuba jari. Ta alhazai hujja ce mai nauyi, domin duk wanda ya ga tsofaffi suna kwana a sansani nesa da gida zai so a sauƙaƙa musu. Amma jigilar alhazai 'yan makonni ce a shekara, albashi da man dizal kuwa wata goma sha biyu ne. Mai zuba jari kuma abin da yake fara tambaya shi ne wutar lantarki da hanya da zaman lafiya. Kuɗin da jiha ta zuba a titin jirgi, daga asusun da ake gina aji da asibiti da madatsar ruwa aka ɗebo shi.

GANI GA WANE

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya kama ba. A ƙasar Siri Lanka an buɗe filin Mattala a watan Maris na 2013, shi ma da rancen Sin, a yankin da shugaban ƙasar na lokacin, Mahinda Rajapaksa, ya fito. Jirage suka ƙi zuwa har jaridu suka sa masa suna filin da ya fi kowane zama kango a duniya, a 2015 kuwa har shinkafa aka adana a ɗakunan ajiye kayansa. A Kanada an buɗe Mirabel kusa da birnin Montreal a 1975, da nufin ya zama ƙofar shiga ƙasar. Amma ya yi nisa da gari, jiragen Turai kuma suka daina buƙatar tsayawa Montreal, suka zarce Toronto. A 2004 aka daina jigilar fasinja a wurin, daga baya aka rushe ginin.

Wanda labarinsa ya fi kama da na Kano shi ne Shannon a ƙasar Ayaland. Shi ma zangon shan mai ne ga jiragen da ke ƙetare teku tsakanin Turai da Amurka. Mutanen wurin sun hango cewa manyan jirage za su riƙa wuce su, sai suka yi shiri tun kafin ranar. A 1947 suka buɗe kantin sayar da kaya ba haraji, irinsa na farko a filin jirgin sama, a 1959 kuma suka keɓe fili a gefen titin jirgi suka ce duk masana'antar da ta zo ta kafa za a sauƙaƙa mata haraji. Masana'antu suka zo, suka kawo ma'aikata da kaya, filin ya sami sabon dalilin rayuwa.

A nan Afirka ma akwai abin koyi. Addis Ababa ba ta fi Kano 'yan kasuwa ba, amma kamfanin jirgin Habasha, wanda ya fara aiki a 1946, ya mai da ita mahaɗa: a kwaso mutane daga garuruwa da yawa, a haɗa su a can, a raba su zuwa wasu jiragen. Lome ta ƙasar Togo, wadda ba ta kai Kano yawan jama'a ba, ta zama irin wannan mahaɗa tun da kamfanin ASKY ya fara aiki a 2010. Nairobi kuwa furanni da ɗanyen kayan lambu ne ke cika mata jiragen kaya zuwa Turai. A duk wuraren nan uku, kamfanin jirgi ko kayan fitarwa ne suka ja gini.

ME ZAI CIKA ZAUREN?

A nan ne kwandunan Kadawa suka dawo mini a rai. Ba ina nufin a loda tumatir a jirgin sama ba, domin kuɗin dakon ya fi ƙarfinsa. Riɗi da citta da zoɓo ma jirgin ruwa ya fi dacewa da su, kuma an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023 don irin wannan. Kayan jirgin sama shi ne mara nauyi mai tsada, ko mai saurin lalacewa: jemammiyar fata da takalma da jakunkuna, nama da aka yanka a mayanka mai tsabta, ɗanyen barkono da kayan lambu da aka tace aka shirya yadda masu saye ke so. Ƙasar da ke noma a Kadawa da bakin kogin Galma, take kiwon jar akuyar Sakkwato, ba ta rasa abin da za ta sa a cikin jirgi ba. Abin da ta rasa shi ne ɗakin sanyi mai wuta dare da rana, da ɗakin gwaji da zai ba da takardar shaidar da ƙasashen waje za su amince da ita, da ofis guda inda mai kaya zai gama takardunsa a yini ɗaya. Waɗannan ba su kai gilashi da matakala mai tafiya ɗaukar ido ba, ba su kuma kai su tsada ba.

Na biyu, Kano tana da kamfanonin jirage na 'yan Arewa, irin su Max Air da Rano Air, ga kuma maƙwabta da ke shigowa cin kasuwar Kwari da Dawanau daga Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa. Da za a sami ƙananan jirage masu haɗa waɗannan garuruwa da Kano, a daidaita lokacinsu da na manyan jiragen Jidda da Alƙahira da Addis Ababa, da zauren ya sami masu zama a kujerunsa.

Na uku, kamfanin waje ba ya zuwa inda ba zai iya fitar da kuɗinsa ba. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin Dala sun haura Dala miliyan 800. Kamfanin Emirates ya daina zuwa ƙasar nan a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai a watan Oktoba na 2024. Irin wannan in ta faru, garuruwa kamar Kano ake fara yankewa daga jadawali.

Na huɗu kuma, wanda ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Takardar neman gina filin jirgi ba daga sama take faɗowa ba. Wani jami'i ne ke rubuta ta, wani ya duba, babban sakatare ya sa hannu kafin ta isa majalisa. Ya kamata kowane ɗayansu ya rubuta tambayoyi huɗu a gefen fayil: Mutum nawa za su bi ta nan a mako, ba a lokacin Hajji ba? Wane kamfani ne ya yi alkawarin zuwa a rubuce? Nawa za a kashe kowace shekara bayan an yanke ƙyallen buɗewa? Daga wane asusu? Jami'in da ya yi wannan ba ƙin ci gaban jiharsa yake yi ba, aikin da aka ɗauke shi dominsa yake yi. Ɗaliban da ke karatun tsare-tsare da tattalin arziki da injiniya a Kongo da Samaru su ne za su riƙe waɗannan fayiloli gobe.

Da na dawo bayan mako biyu, jirginmu ya sauka da daddare. Muka bi ta gadar nan mai rufi, muka tsaya a bakin bel ɗin da ke kewayo da akwatuna, kafin awa ɗaya kowa ya watse. Ina fita na waiwaya, na ga fitilu suna haska zaure, ba kowa sai masu gadi da masu shara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, gini kuma mun gina, saura abin da aka yi ginin dominsa.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar gida a Wusasa sai ga ƙugin nan da na sani. Ƙaramin jirgi ne, ɗalibi a ciki da malaminsa, ya kewayo ta Kufena ya nufi gida. A wannan makaranta Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, ta yi karatu, har ta dawo ta shugabance ta. Yaron da ke cikin jirgin nan zai gama nan da 'yan watanni ya karɓi takardarsa. Fatanmu shi ne in ya tashi neman inda zai sauke babban jirgi, ya tarar da Kano da mutane da kaya suna jiransa.